Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Tsohon Wasan Kwaikwayo da Tantance 'Yan Fim

Iyaye da malaman makarantun nazare sun yawaita tambaya a kan bidiyoyin nan na yara 'yan shekara uku ko huɗu, waɗanda ake tsayarwa su rattabo jawabin sarki ko na alƙali daga wani tsohon wasan kwaikwayo, daga baya kuma a nuna musu fitowar wani ɗan fim a ce su faɗi ko ya iya ko bai iya ba. Abin da masu tambayar suke son sani shi ne ta ina ake farawa, me ake saya, kuma me ya sa nasu yaron yake rufe baki ruf da zarar an ɗaga waya. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda ya kamata a bi su, domin mafi yawan matsalolin da ake samu suna faruwa ne saboda an fara da ɗaukar bidiyo, wanda shi ne mataki na kusa da ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ne ya ratsa su duka: kada yaro ya furta kalmar da bai san ma'anarta ba, kuma kada ya yanke hukuncin da ba nasa ba.

1. A duba ko yaron ya kai

Shekaru kaɗai ba su isa ma'auni ba, amma yawanci daga shekara uku ne yaro yake iya haɗa jimla mai kalma uku zuwa biyar, ya kuma bi umarni biyu a jere, kamar a ce masa ya ɗauko takalmi ya kai wa Abba. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wasan kwaikwayon da yake yi da kansa ba tare da an sa shi ba: yarinya ta goya 'yartsana tana lallashinta, ko yaro ya kara takalmi a kunne yana "waya" da muryar babansa. Wanda ya fara wannan ya riga ya gane cewa mutum yana iya zama wani na ɗan lokaci, kuma a kan wannan fahimtar za a ɗora komai.

Gargaɗi: tsakanin shekara biyu zuwa biyar yara da yawa sukan shiga wani lokaci na in'ina, su riƙa maimaita farkon kalma. Idan yaronku yana cikin wannan hali, a dakata da hadda gaba ɗaya, a tsaya a kan waƙa da amshi, domin matsa masa ya fitar da layi daidai yana ƙara masa fargabar magana. Idan in'inar ta daɗe ko tana ƙaruwa, a kai shi asibiti a duba, ciki har da gwajin ji.

2. Zaɓen abin da zai haddace

A nan ne ake yin kuskure mafi girma, saboda haka za a daɗe a kansa. Iyaye da yawa suna zaton duk abin da ake kira tsohon wasan kwaikwayo na Hausa ya dace da yara, tunda a makaranta suka karanta shi. Gaskiyar ita ce sanannun littattafan da aka karantar a sakandare, irin su *Uwar Gulma* na Mohammed Sada, da *Jatau na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi, da *Kulɓa na Ɓarna* na Umaru Ɗanjuma Katsina, an rubuta su ne a kan matsalolin manya: rikicin aure, da saki, da yaudara, da lalacewar tarbiyya. Hausarsu mai daɗi ce, amma jigonsu ba na ɗan shekara uku ba ne. Haka ma wasannin Shakespeare da aka mayar Hausa, kamar *Daren Sha Biyu* na Ibrahim Yaro Yahaya, suna da dogayen jimloli da zaurance waɗanda babba ma sai ya nutsu. Ba a ce a watsar da su ba. Abin da ake yi shi ne babba ya karanta littafin tun daga farko, ya tsamo wuraren da ba su da alaƙa da jigon: gaisuwar safe tsakanin maƙwabta, ciniki a kasuwa, shigowar baƙo, kiran mai ƙara a gaban alƙali. Waɗannan wurare gajeru ne, kuma yaro ya taɓa ganin irinsu da idonsa.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ni na fi so, ita ce a koma ga wasan kwaikwayon da ya girmi littattafan, wato tashe da tatsuniya. Wasannin tashe da yara suke yi daga goma ga watan azumi an gina su ne a kan bayarwa da amshi, layukansu gajeru, kuma kowane layi yana da motsin da yake tafiya da shi, kamar tafiyar tsoho a duƙe da sanda ko tallar mai magani. Tatsuniya ita ma tana da ƙofar shiga da ta fita waɗanda yaro yake kamawa nan take: ku ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ya ce "Ta zo mu ji ta." Wannan amsar ita ce layinsa na farko a wasan kwaikwayo, ko da bai sani ba.

Idan ba a sami wurin da ya dace ba, babu laifi a tsara gajeriyar fitowa a kan salon waɗancan wasanni. Ga misalin tsawon da ake nufi:

Tsohuwa: Ranka ya daɗe, na kawo ƙara.
Sarki: Ƙarar wa, Iya?
Tsohuwa: Akuyar maƙwabcina ta cinye mini dawa.
Sarki: A kira mai akuya!
Dogari: An gaishe ki, Iya. Ki zauna.

Layi huɗu zuwa shida sun ishi ɗan shekara uku, ɗan shekara biyar kuwa yana iya kai goma ko fiye. A ba yaro rawar mai iko, sarki ko alƙali ko malami, domin ƙananan yara suna jin daɗin ba da umarni, kuma layukan mai iko su ne mafi gajarta.

Gargaɗi na farko: Gizo yana da tsamin baki a tatsuniya, yana cewa "saiki" maimakon "sarki", kuma wannan ne yake sa yara dariya. To amma yaron da har yanzu yake kokawa da harafin "r" bai kamata a sa shi ya riƙa maimaita gurɓatacciyar kalma ba. Babba ya ɗauki rawar Gizo, yaro ya zama Ƙoƙi ko sarki, ya riƙa gyara wa Gizo magana.

Gargaɗi na biyu: a guji layin da yake ɗauke da zagi, ko tsinuwa, ko rantsuwa, ko kalmar saki, ko surkullen boka. Yaro ba ya bambance dandali da tsakar gida, kuma abin da aka tafa masa a kai yau zai faɗa wa kakarsa gobe a gaban baƙi.

3. Labari kafin hadda

Kafin yaro ya ji layi ko ɗaya, a ba shi labarin fitowar da kalmomin da ya saba da su, sau biyu ko uku a ranaku dabam-dabam. Daga nan a bi kalmomin da bai sani ba ɗaya bayan ɗaya, a nuna masa su maimakon a yi masa bayani. Idan akwai "dawa" a cikin layin, a ɗebo masa ita a tafin hannu ya taɓa. Idan akwai "ƙara", a tuna masa ranar da ya je ya gaya wa Umma cewa yayansa ya ƙwace masa biskit, a ce masa to ƙara ke nan ya kai. Idan akwai "dogari", a nuna masa hoton hawan salla, ya ga masu jajayen riguna da kore a gefen sarki.

Gwajin ko ya gane mai sauƙi ne. A tambaye shi: "Me ya sa Iya take fushi?" Idan ya ce akuya ce ta ci mata abinci, an gama, a wuce. Idan ya yi shiru ko ya maimaita tambayar, a sake ba da labarin wata rana. Yaron da aka tsallake wa wannan mataki zai iya haddace layukan, amma zai fitar da su ne kamar aku, da murya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma da ya manta kalma ɗaya sauran duk sun zube, domin babu ma'anar da za ta riƙe masa su.

4. Biyawa

Hanyar biyawa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi makarantar allo: babba ya faɗi guntu, yaro ya maimaita. Ko shahararren bidiyon nan da ɗan wasan Birtaniya Brian Cox yake biya wa wani ƙaramin yaro jawabin Hamlet, jarumin wani wasan Shakespeare, da wannan hanyar aka yi shi, guntu-guntu. Abin da ya bambanta biyawar wasa da ta karatu shi ne kowane guntu yana da motsinsa. A yanka layi a inda numfashi yake yankewa, kalma biyu zuwa huɗu. "A kira" yana tafiya da ɗaga hannu, "mai akuya" yana tafiya da nuna ƙofa. Jikin yaro yana riƙe abin da kansa ya manta, har za ku ga idan ya kakare, da kun ɗaga hannu kalmar ta faɗo masa.

A fara da layin ƙarshe a koma baya. Dalilin shi ne idan an fara daga farko, kullum yaro yana tafiya ne daga inda ya iya zuwa inda bai iya ba, ya ƙare a cikin ruɗu. Idan kuwa ƙarshen ya fara zama, to kullum yana nufar wurin da ya fi ƙwarewa ne, ya ƙare da ƙarfinsa, a tafa masa.

Minti biyar ya isa zama ɗaya, sau ɗaya ko biyu a rana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ya ci abinci ya huta, kamar da hantsi a ranar da babu makaranta ko bayan la'asar. Kada a yi da ya dawo daga Islamiyya kai tsaye, domin ya riga ya gaji da maimaitawa, kuma ba a so haddar wasa ta shiga cikin lokacin haddar karatu ko ta ɗauki irin muryarta. A tsaya tun yana so a ci gaba. Idan ya ce "Umma, a sake," a sake sau ɗaya, sannan a ce sai gobe.

Bayan layukan sun zauna, sai a fara wasa da su, kuma wannan ne matakin da yake haɗa hadda da tantancewar da za ta biyo baya. A ce ya faɗi "A kira mai akuya" cikin fushi, sannan cikin raɗa, sannan kamar sarkin yana jin barci, sannan kamar dariya ta kusa ƙwace masa. Ku ma ku faɗi naku layin da gangan ba daidai ba, wato ku kawo ƙara kuna washe baki, ku ga ko zai ce, "A'a Umma, ba haka ake yi ba, ai fushi take yi." Ranar da ya faɗi haka, ya fara tantance ɗan wasa.

Gargaɗi: kada a gyara kuskure da "ba haka ba ne". A maimaita layin daidai kawai a ci gaba. Kada kuma a yi alkawarin alewa a kan kowane layi, domin nan da nan yaro zai mayar da abin ciniki, ya ƙi buɗe baki sai ya ga alewa. Tsawa da duka kuwa suna kashe aikin ne gaba ɗaya.

5. Kayan wasa da abin da za a kashe

Kusan komai yana cikin gida. Mayafi ko ɗankwali ya zama rawani, tsohuwar rigar yayansa ta zama babbar riga, turmi da aka kife aka shimfiɗa wa darduma ya zama karaga, muciya ta zama sandar tsoho, mafici ya shiga hannun bafade. Ƙyallayen da suka rage wajen tela sukan samu kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da za a saya bai wuce auduga daga kemis, da kwali, da zaren roba, da jagira ba. Littafin wasan, in ana buƙata, ana samunsa wajen masu sayar da littattafan makaranta ko a aro daga malamin Hausa. Wanda zai ɗauki bidiyo ne kaɗai zai ƙara kashe kuɗi, a kan abin kafa waya mai ƙafa uku da ƙaramar makirufo ta maƙalawa a riga, waɗanda ake samu a kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano. Idan kuɗin ɗaya ne kawai ake da shi, a sayi makirufo, domin muryar yaro siririya ce, waya kuwa ana iya jingine ta da littattafai. Fitilar zobe da masu bidiyo suke yayi ba ta da amfani a nan, hasali ma tana kashe wa yaro ido ta sa shi ƙifta.

Gargaɗi a kan gemu: masu tashe sukan manna auduga a haɓa, amma ga ƙaramin yaro kada a kusanci fatarsa da gam kowane iri, balle mai kamawa nan take. A manna audugar a jikin kwali, a huda gefe biyu, a sa zaren roba ya zagaya ta bayan kunne, kuma a nisanta ta da hanci. Gargaɗi a kan kwalliya: kwallin dutse na gargajiya yakan ƙunshi gubar dalma, wadda take cutar da ƙwaƙwalwar yara, saboda haka a zana gashin baki da jagira, a wanke da an gama. Rawani a naɗa shi a ka kawai, ba tare da amawali ko zagaya wuya ba. Carbi, da tsakiya, da duk abin da zai iya tsinkewa ya shiga baki ko hanci, a ajiye su.

6. Zaɓen fitowar fim

Ba fim ake nuna wa yaro ba, fitowa ɗaya ake nuna masa, mai tsawon minti ɗaya zuwa uku, wadda babba ya riga ya kalla shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Wannan darasi yana cikin awar, ba ƙari ba ne a kanta.

A nemi fitowar da mutum biyu suke magana, fuskokinsu a bayyane, kuma abin da suke ji a fili yake: murnar dawowar matafiyi, ɓacin ran wanda aka ɓatar wa kaya, tsoron yaron da ya fasa kwano. A tsallake mari, da faɗan kishiyoyi, da bindiga, da gawa, da fitowar aljanu ko boka. A sauke fitowar a waya tun da wuri, ko a tsayar da bidiyon daidai wurin, domin kada talla ko wani bidiyon ya faɗo a tsakiya. Saukewa sau ɗaya kuma ya fi arha a data, tunda za a maimaita kallon.

Akwai nau'i biyu da ba su dace da wannan aiki ba ko da tsaftatattu ne. Na farko shi ne waƙoƙin finafinan Kannywood, domin muryar da ake ji ta mawaƙi ce, jarumin bin ta kawai yake yi da baki. Na biyu shi ne finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, inda fuska ta wani ce, murya ta wani. A duka biyun yaro zai yaba wa mutum ko ya kushe shi a kan abin da ba shi ya yi ba.

7. Tambayoyin tantancewa

Ƙaramin yaro yana yanke hukunci ne a kan mutumin cikin labari, ba a kan ɗan wasan ba. Idan aka tambaye shi ko wane ya iya, zai ce a'a saboda mugu ne, ya ce wance ta iya saboda mayafinta ja ne. Wannan ba wauta ba ce, matakin fahimtarsa ke nan, kuma aikin babba shi ne ya raba masa abubuwan biyu a hankali. Hanya mafi sauri ita ce a tuna masa nasa wasan: "Ɗazu da ka zama sarki, sarkin gaske ne kai?" Zai yi dariya ya ce a'a. "To shi ma wannan kwaikwayo yake yi." Idan an sami fitowa biyu na ɗan wasa ɗaya, a ɗaya yana mai kirki a ɗaya yana mugu, a nuna su a jere a bar yaron ya gano da kansa cewa mutum ɗaya ne.

Kallon sau uku ake yi. Na farko a kashe sauti gaba ɗaya, a tambaya: "Murna take yi ko fushi? Ta yaya kika sani?" Na biyu a kife wayar a bar sauti kawai: "Muryarsa ta mai tsoro ce ko ta mai faɗa?" Na uku a haɗa hoto da sauti. Tambayar "ta yaya kika sani" ita ce zuciyar darasin, domin ita take mayar da yaro ga abin da ya gani: gira, baki, hannu, tafiya.

Ga yadda irin wannan zama yake kasancewa. Uwa ta nuna wa 'yarta mai shekara huɗu fitowar wata mata da aka kawo wa mummunan labari, ta fashe da kuka. An kashe sauti. Yarinyar ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, kukan ƙarya take yi." Uwar ba ta ce haka ne ko ba haka ba ne, sai ta tambaya, "Ta yaya kika sani?" Yarinyar ta sa yatsa a kuncin matar ta ce, "Babu hawaye, kuma tana leƙen mutumin can ta tsakanin yatsunta." Wannan amsar ta fi duk wata da babba zai shirya mata, domin daga idonta ta fito, kuma ita kanta ta san yadda ake kukan ƙarya. Yana yiwuwa ma a cikin labarin an so matar ta yi kukan ƙarya ne, wanda hakan yake nufin 'yar wasan ta iya aikinta. Wannan kuma hira ce ta gobe.

Bayan tambayoyi, a ce yaron ya gwada yin fitowar yadda yake ganin ya kamata. Daga nan ne kawai za a nemi maki. A zana fuska uku a kwali, mai murmushi, da mai shiru, da mai ɓata rai, ya ɗaga ɗaya. Lamba daga ɗaya zuwa goma ba ta da ma'ana ga wanda bai gama iya ƙirga ba, zai ce goma ne kawai don ita ce babba.

Gargaɗi na farko: kada a sa masa amsa a baki. "Ai bai iya ba, ko?" ba tambaya ba ce, kuma yaro zai karanci fuskarku ya ba ku abin da kuke so. Ku riƙe fuskarku, musamman idan ɗan wasan wanda kuke so ne ko wanda ba ku so.

Gargaɗi na biyu: hukunci a kan wasa ne, ba a kan halitta ba. Idan yaro ya ce wane baƙi ne, ko mai tumbi, ko mummuna, kada a yi dariya, a mayar da shi ga tambaya: "Me ya yi da hannunsa?" Finafinan barkwanci da yawa suna kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu ko tafiyar naƙasassu, kuma ƙaramin yaro bai san iyakar wasan da ke tsakanin al'ummu ba, zai je ya yi wa ɗan ajinsu. A bar irin waɗannan. A kuma koya masa ladabin ambaton manya: dattijon ɗan wasa "Baba" ne, dattijuwa "Mama" ce ko "Hajiya", kuma "ban ji tsoronsa ba" ya fi "bai iya komai ba".

8. Ɗaukar bidiyo

Sai yaro ya yi wasan a gaban mutanen gida, kamar kaka da yayye, ya ji daɗin tafi, sannan a kawo waya. A kafa ta daidai tsayin idonsa, ba daga sama ba, a bar ta a wurin na 'yan kwanaki yayin biyawa har ya daina kula da ita. Haske ya fito daga bayan mai ɗauka, wato yaro ya fuskanci ƙofa ko taga, kuma hasken hantsi a inuwar tsakar gida ya fi na kowace fitila. A zaɓi lokacin da babu ƙarar janareto ko injin markaɗe, a kashe fanka, a rufe layin waya don kada kira ya katse ɗauka. Wanda yake ba shi amsar layi ya zauna dab da wayar, domin yaro mutum yake kallo.

Gargaɗi: ɗauka biyu, in ta yi yawa uku. Abin da ya wuce haka yaro ya gaji, kuma na farkon ne yawanci ya fi rai, har da kuskurensa. Idan ya yi kuka ko ya ɓuya a bayan zane, a kashe, kuma a goge wannan ɓangaren. Bidiyon yaro yana kuka yana jawo masu kallo, amma shi ne wanda za a tsokane shi da shi idan ya girma.

9. Kafin a tura wa kowa

Uba da uwa su amince tukuna. A makaranta kuwa sai da izinin iyayen kowane yaro a rubuce, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora ba da izini a kan bayanan yaro a hannun iyaye ko mai riƙonsa. A kalli bidiyon da idon baƙo: bajen makaranta a jikin riga, lambar gida, lambar mota, cikakken sunan yaro da wani ya kira daga ɗaki, duk a yanke su ko a sake ɗauka. Yaron ya kasance cikin cikakkiyar sutura. Abin da aka tura zauren dangi a WhatsApp ma yana fita, tunda mutum ɗaya ya isa ya tura shi gaba, saboda haka wanda yake gudun bakin mutane a kan ɗansa gara ya nuna wa dangi a wayarsa hannu da hannu.

Kada a saka fitowar fim ɗin a cikin bidiyon. Mallakar masu shirya shi ce, kuma YouTube yana da tsarin da yake gano irin wannan kai tsaye, ya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin tallarsa ga mai shi. A nuna fuskar yaron yana kallo, a rage sautin fim ɗin, a faɗi da baki abin da yake faruwa a fitowar. Asusun da za a ɗora ya zama na babba, domin YouTube da TikTok da Facebook duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. A YouTube, bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ana rufe masa wurin sharhi, a sauran wuraren kuma ku rufe da kanku. Idan hukuncin yaron a kan wani ɗan wasa mai zafi ne, a bar shi a gida, domin magoya bayan jarumai ba sa duba shekarun mai magana kafin su mayar da martani. Wanda kuma yake nufin mayar da abin sana'a a Kano, da shirye-shirye a kai a kai da tallace-tallace, ya fara tuntuɓar Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ya ji ƙa'idojinta.

Bayan wasa ɗaya ya kammala, a ba da hutun mako ɗaya ko biyu kafin a ɗauko sabo, kuma a wannan karon a ajiye fitowa biyu a gaban yaron, a ba shi labarin kowace, shi ya zaɓi wadda za a yi da rawar da zai taka.